Matar Ƙanensa

"Yaya, har yau ban yi wa matar Zakariyya gaisuwa ba."

Saudat ta ajiye faifan da ke hannunta, ta dubi ƙanenta Namadi, wanda furfura ta gama cinye masa gemu.

"Damina biyu da rasuwatai? Ɗan'uwanka ciki ɗaya? Mi ya hana ka?"

Ya sunkuyar da kai. Shi ya fara ganin Hannatu a tashar jirgin Ƙaura, tana budurwa, yana ma'aikacin reluwe. Yana nan yana tattara kalmomin da zai faɗa mata, ƙanensa Zakariyya ya riga shi. Daga ranar ɗaurin aure ta zama matar ƙane, shi kuwa tamkar suruki: gaisuwa daga bayan zana, ba haɗa ido, ba zama tabarma ɗaya. Shekara talatin da ɗaya.

"Tsoro nike ji, Yaya... kada in tsaya gabanta, zuciyata ta yi murna da mutuwar yaron nan."

"To zauna gidanka. In ka tahi yanzu, dangi za su ce jira kake ƙasa ta rufe mishi ido."

Duk da haka, washegari ya shiga motar Shinkafi, daga can ya hau mashin zuwa Katuru.

Ya iske Hannatu tana shanya kuɓewa a tsakar gida. Ta juya za ta shige bayan zana kamar yadda ta saba, sai ta fasa.

"Yaya Babba... hanya ta ɓace maka, ko mu munka yi laifi?"

"Ni ne mai laifi."

"Ran sadakar uku na duba. Ran arba'in na duba. Har na fita takaba ina sauraren sallamarka."

"Akwai abin da..."

"Na sani. Shi ma ya sani. Da ciwo ya tsananta ya ce, in Yaya ya yi nauyin ƙafa kada ki riƙe shi a zuci, ni na shiga gabansa, kuma bai taɓa nuna mini a fuska ba."

Namadi ya lalubi zuciyarsa yana neman murnar nan da yake tsoro. Bai iske kowa ba sai Zakariyya, yana ɗan shekara biyar, riƙe da gefen rigarsa a hanyar gona.

Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin tabarma.

"Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya." Ta share ido da bakin mayafi. "Kai fa, Yaya? Wa ya yi maka taka gaisuwar?"

Sai kuka ya ƙwace masa.

Ta tura masa ƙwaryar ruwa, ta zauna nesa kaɗan, ta jira shi ya gama kuka.