Madarar da Ƙuda Ya Ƙi

Ranar Litinin da safe aka kawo rahoto ofishin 'yan sanda na Kafanchan: yaran wata majami'a sun sha yogot a bikin godiya, da yawa suna kwance a asibiti, wata ƙaramar yarinya ta rasu.

Kafin Insifekta Hulda Dogara ta isa kasuwa, gari ya riga ya yanke hukunci. Matan Fulani ne suka kawo madarar, saboda haka su ne suka sa guba. Samari sun kewaye rumfarsu.

Duk matan sun gudu, sai A'i, shugabar ƙungiyarsu. Tana zaune kan kujerarta, ƙwaryarta a gabanta.

Hulda ta ce mata ta shiga mota don tsaron ranta. A'i ta ƙi.

"In na tashi, na amsa laifin ke nan. Tun ana shiga jirgin ƙasa nake sayar da nono a nan, 'yata. Ba inda zan je."

Hulda ta bar mata kurata biyu, ta ɗebi madararta a kwalba domin gwaji. DPO ya kira ta a waya, ya ce ta kama matar kawai gari ya lafa. Ta ce masa ba ta kama mutum don a ji daɗi, in yana so ya zo ya kama da kansa.

Ƙaramin kamfanin da ya yi yogot ɗin yana bayan tashar jirgi. Mai shi, Madam Chinonye, ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ta ce ta je biki Samaru Kataf tun Juma'a, ta bar komai hannun Bartholomew, wanda ke gwada kowace madara kafin a karɓa.

Bartholomew ya zo da farar rigarsa tsaf. Ya ce shi ya yi gwajinsa yadda doka ta ce, amma wa ya san abin da mutanen daji ke zubawa?

"In ka gwada, me ya sa ba ka gani ba?" in ji Hulda.

Ya ce na'urar ba ta kama komai da komai.

"An ɗauke wuta tun Juma'a. Da me kuka sanyaya madarar?"

"Janareta, Insifekta. Bai tsaya ba ko kaɗan."

Mai walda da ke jikin katangar kamfanin ya yi dariya da ta tambaye shi. Ya ce janaretan ya mutu tun ranar Juma'a, shi ma aka kira ya duba, ya ce musu ba aikinsa ba ne.

Hulda ta koma kamfanin, ta shiga ɗakin sanyaya madara. Zafi kamar gidan burodi. Ƙudaje sun cika bokitin wanke-wanke, amma ko ɗaya bai sauka kan duron da ragowar madarar take ciki ba. Ta buɗe murfin. Madarar ba ta yi tsami ba. Wani wari ya soki idonta, warin da ta sani sarai daga ɗakin ajiye gawa.

Ranar Alhamis sakamako ya dawo daga Kaduna. Madarar A'i lafiya lau. A yogot ɗin da ta aika tare da ita kuwa an sami famalin, maganin da ake yi wa gawa don kada ta ruɓe.

Bartholomew ya ce ƙarya ne, an sayi masu gwajin. Hulda ba ta yi musu ba. Ta sa aka kawo kofi, ta cika shi daga duron, ta tura gabansa.

"Kai ka ce ta wuce gwaji. Sha."

Ya dubi kofin. Ya dubi Madam Chinonye. Hannunsa bai motsa ba.

Daga nan ya fara magana, ba da nadama ba. Ya ce madara duro guda za ta lalace a hannunsa, a kore shi daga aiki. Wani abokinsa mai wankan gawa ya ba shi maganin, kuma ɗan kaɗan ya zuba. Ya ce ba shi ya fara ba, ba kuma shi zai zama na ƙarshe ba.

"Wataƙila," in ji Hulda. "Amma kai ne a gabana."

Ana sa masa ankwa ya roƙi a fitar da shi ta ƙofar baya, saboda jama'a sun taru a waje.

Hulda ta riƙe gwiwar hannunsa. Ta ce uwar yarinyar tana tsaye a ƙofar gaba tun safe, tana jira ta ga fuskar wanda ya kashe mata 'ya.

Ta gaban suka bi.