Kunun Bube

"Kwana ukku bai sha komi ba, Ni'ima."

Ni'imatu ba ta ɗago daga turmi ba. Namadi, mijinta, yanzu ya sauka daga jaki, ƙurar hanyar Kebbe har gira. Can suka kai ɗansu Bube yaye wurin Inna Zahara'u, uwar Namadi.

"An ba shi rubutu, an dama fura, an yi kunun tsamiya... sai ya kau da kai."

"Da mi sunka ba shi?"

"Da ludayi mana."

Ta jefar da taɓarya. "Ludayi! Yaron ga bai shan kunu da ludayi!"

"To mi ya hana ki gaya ma Inna ran da munka kai shi?"

"Da wane baki? Ɗan fari ne, Malam. Ko sunanai ban faɗi, sai in zauna in koya ma surukata renonai? Kebbe duk ta ɗauka ba ni da kunya."

"Ki shirya mu tafi."

"In ya gan ni yaye ya ɓaci. A sake daga farko, ya sake wahala."

Namadi da ya yi wata biyu yana fasa dutse a aikin hanyar Nasara bai yi raki ba, yau idonsa ya yi ja.

"To koya mini."

Ta dube shi sama da ƙasa. Sai ta shiga ɗaki ta fito da ƙoƙon kunu da zanen goyo.

"Zauna. A cinyar hagu za ka aza shi, ka yafa mai wanga zane. Ka yi bisimilla. Ka kurɓa tukuna, shina kallo, ka tanɗe baki kamar zuma ce. Sannan ka tsoma yatsa... haka."

Ta kai yatsar bakinsa. Ya lasa, yana dubanta.

"Shekara biyu rabona da wanga gata, hasken gidana."

"Malam, ka ji tsoron Allah. Yaro na can da yunwa." Amma ba ta janye hannun da wuri ba.

Ko ruwa bai tsaya sha ba ya juya jaki.

Kwana biyu ta yi tana share tsakar gidan da ba shi da datti. Duk salla sai ta daɗe a sujada.

Rana ta uku da hantsi Namadi ya yi sallama. Maƙwabta na zaune ana sussuka, ba halin ta tambaya. Ta kawo mai ruwa, idonta a ƙasa... sai ta ga gaban rigarsa. Kunu ya bushe a jiki kaca-kaca, ga shatin 'yan yatsu biyar a kafaɗa.

"Dubi yadda ka ɓata riga," ta ce. "Tuɓe in wanke."

Ta shige ɗaki da ita, ta kifa fuska a kan shatin. Rigar nan ba ta ga ruwa ba sai da Bube ya dawo gida Tambuwal.