Wanda Ya Biyo Shi Daga Rijiya

Dutsen farko ya faɗo kan kwanon ɗaki gab da magariba, matar mai haƙar rijiya tana kwashe shanya. Ta ɗauka 'ya'yan maƙwabta ne. Na biyu a gabanta ya sauka, jiƙe sharkaf da laka, alhali rabonsu da ruwan sama wata huɗu.

Wata guda ke nan da aka zaro mijinta daga rijiyar da ta rufta da shi da ƙaninsa. Shi ko ƙwarzane babu. Ƙanin kuwa a hannunsa ya cika, cikin duhu, bayan kwana biyu yana kiran "Yaya". Tun da ya dawo ya kwanta, fuska ga bango, ba ci ba magana. Likita ya ce lafiyarsa ƙalau. Ita dai ta san mutum ne yake ƙarewa a gabanta.

Ranar duwatsun, autarsu ta yanke jiki ta faɗi, tana ihu da muryar da ba tata ba. Sai ga uban ya fito yana dafa bango, ya rungume 'yarsa. Da ta lafa har ya sha ruwa, ya ci loma uku. Haka aka riƙa yi kullum magariba. Shi yana ɗan farfaɗowa, yarinyar tana zama kamar tsinke.

Malamin da aka kira tsoho ne, ba ya gaggawa. Ya jima yana karatu kafin Auta ta buɗe ido, muryar ta fito a ƙasa-ƙasa.

"Wane ne kai?" in ji malam.

"Mai rijiyar. Ni na tare ƙasa da bayana kwana biyu. Ɗaya na iya ceta, biyu sun fi ƙarfina."

"To me yarinya ta yi maka?"

"Ba komai. Kukanta kaɗai ubanta yake ji. Ku bar ni a nan. In na fita, ba zai sake tashi ba."

"Jikinta zai ɗauke ka har yaushe?"

Muryar ta ce, "Ba za ta ga watan gobe ba."

Malam ya dubi uwar. "Baiwar Allah, kin ji."

Ta dubi mijinta a bakin ƙofa, ta dubi wuyan 'yarta da ya yi zururu.

"Ka yafe min, Baban Auta," ta ce. "Malam, ya fita."

Auta ta yi atishawa uku, ta nemi ruwa.

Washegari magariba ta yi, gida tsit. Matar ta tsaya a tsakar gida har hasken ya kusa ƙarewa. Sai ta sunkuya, ta ɗauki dutse, ta wurga kan kwanon ɗakin mijinta da iya ƙarfinta. Ta sake wurga wani. Ta tsaya tana kallon labulen ƙofarsa, amma labulen bai motsa ba.