Ɗanɗanon Bakin Kanal

Motar Kano ta ajiye Ummul-Khairi a bakin titin Bunkure rana na shirin faɗuwa. Daga asibiti take, an duba 'yarta Aziza. Babu ɗan acaɓa ko ɗaya, sai ta gyara wa yarinyar kwanciya a kafaɗa, ta kama hanyar bakin kanal, babbar magudanar ruwan noman rani. Goyo dai an hana, saboda ɗinkin da ke ƙirji.

Shekarar Aziza uku, da huda a zuciya aka haife ta. An yi aiki, an dace. Sai a kwana na biyar wani farin ruwa ya fara bin robar da aka sa mata a haƙarƙari, yana taruwa a kwalba kamar madara. Likita ya ce wata siririyar jijiya ce mai ɗauko maiƙon abinci daga hanji ta ɓule, tana zuba a ƙirji. Da ruwan ya tsaya aka sallame su da sharaɗi: sati shida ba nono, ba mai, ba ƙuli. In ta ci, ruwan zai dawo ya danne huhu.

Tsofaffin unguwa kuwa nasu bayanin daban, wai mutanen ruwa ne ke shayar da ita. Ummul-Khairi, wadda tun a gidan ubanta aka sallama mata a taurin kai, ta ce su riƙe kayansu. Sati huɗu ke nan tana dama koko zalla, yarinya na kukan fura, ita ma tana nata kukan a bayan ɗaki.

Kwaɗi na ta kuka a fadamar shinkafa. Warin laka, warin ruɓaɓɓen tumatir. Can nesa injin ban ruwa na tatata.

Sai injin ya mutu. Kwaɗin ma suka yi tsit.

Ƙamshin man shanu ya doki hancinta.

A kan ƙofar ruwan kanal wata doguwar mace ce zaune, da ƙwaryar nono a cinya.

"Sannu da hanya, uwar Aziza," in ji matar, murya ƙasa-ƙasa.

Ummul-Khairi ba ta taɓa ganin ta ba. Ta ƙara rungume Aziza.

"Ba na saye."

"Wa ya ce saye? Ɗanɗano ne. Ai ba a ƙin ɗanɗano."

Haka ne kuwa. Mai nono in ta miƙo ludayi, ko ba ka saye ka kurɓa.

Aziza ta ɗago kai. "Umma, nono."

Ummul-Khairi ta leƙa ƙwaryar. Kumfa ke tasowa ɗaya-ɗaya. Yarinya ta yi numfashi, kumfa ta taso. Ta sake, ta taso. Irin na kwalbar asibiti sak.

"Nonona ne ya tsiyaye daga ƙirjinta," in ji matar. "Ni na shayar da ita. Bari in mayar mata."

Tsoro ya cika Ummul-Khairi, amma haushi ya fi yawa.

"Ƙarya kike! Jijiya ce, na gani a hoto da idona. Ni na haife ta. Ni na kwana ashirin a tabarmar asibiti. Ina kike a lokacin?"

Matar ba ta tashi ba. Hannunta ne ya taho. Yana tsawo. Yana tsawo.

Ludayi ya iso leɓen Aziza.

Yarinyar ta buɗe baki.

"A'uzu billahi!" Ummul-Khairi ta kai masa duka da hannun dama. Nono ya fantsamar mata har wuyan hannu, sanyinsa na ƙuna.

Kanal ya koma fari fat.

Gudu ba dama, ɗinki zai motsa. Ta ƙanƙame 'yarta, ta ɗaga ƙafa tana jan Ayatul Kursiyyu. A bayanta ludayi na bugun ƙwarya. Ƙwas. Ƙwas. Kusa da keyarta.

Ba ta waiwaya ba.

Ladanin ƙauyensu ya ɗaga murya, bugun ya tsaya. A ƙofar gida ta shafa leɓen Aziza. A bushe yake.

Da sati shida ya cika, hoto ya nuna ƙirji garau. Sai dai mijinta Garzali ne ya ba Aziza furar farko, don tun ranar duk nonon da hannun Ummul-Khairi na dama ya taɓa, nan take yake tsinkewa ya koma ruwa. Tsofaffi suka ce ta kai ƙwarya bakin kanal ta ba da haƙuri, ko hannun ya warware.

"Haƙurin me?" in ji ta. "'Yata ta zo ɗauka, hannu ta samu. Ta riƙe, ina da na hagu."