Kwallin Mai Farin Rawani

Ku matso kusa. Wannan labarin ba da ƙarfi ake ba da shi ba.

Tankari ja-gaban ayari ne, na masu zuwa Bilma ɗauko gishiri. Shekara ashirin raƙuma na bin ƙeyarsa. Da dare taurari yake karantawa, da rana tuddan rairayi. A zamanin ubansa, farin hazo mai laima sai ya shekara bakwai bai sauka a hamada ba. Sannu a hankali ya koma duk lokacin sanyi. Daga baya har kwana uku yake yi a jere, mutum ba ya ganin kan raƙumin da yake bisa. Ranar hazo kuwa, Tankari da makaho duk ɗaya.

Lawali, ɗan ƙanen ubansa, shi hazo bai dame shi ba. Durƙusawa yake yi, ya dubi yadda raɓa ta kwanta a kan yashi, ya ce nan ne gabas. Bai taɓa kuskure ba. Fatake suka fara miƙa masa kofin shayi na farko. Tankari ne fa ya koya masa ɗaura wa raƙumi kaya. In Tankari ya ga haka yakan yi murmushi, amma cikinsa kamar an zuba garwashi.

Wata asuba, saura tafiyar rabin yini su kai rijiya, ruwan salka ya kusa ƙarewa, hazo ya sauko. Madugu, shugaban ayarin, ya ce kowa ya dakata sai Lawali ya idar da salla. Tankari na tsaye a gabansa, ko kallonsa bai yi ba.

Sai Tankari ya ja raƙuminsa ya sulale. So yake su iske shi zaune a bakin rijiya.

Bai yi nisa ba raƙumin ya toge. Ya ƙi gaba, ya ƙi baya. Ko'ina tsit.

Ga wani mutum nan tsaye, dogo, da farin rawani. Ya yi sallama. Mutumin yana gaba, amma muryar daga bayan kunnen Tankari ta fito. Tankari ya dubi ƙasa. Yashi a jiƙe yake, sawun raƙumi ya fito raɗau. Inda mutumin ya tako babu sawu.

"Ka ɓata ne?"

"Ni ban taɓa ɓata ba."

Mutumin ya yi 'yar dariya. Ya zaro tandun kwalli daga hannun riga. Ya ce duk wanda ya sa wannan, hazo ba ya ƙara rufe masa hanya. Sai dai gani ba a ƙasa ake tsintarsa ba, na wani ake ɗaukowa.

"Na wa zan ɗauko maka?"

Tankari ya san addu'ar da ta kamata. Tana bakinsa. Sai kofin shayin nan ya faɗo masa a rai. Bai ambaci sunan kowa ba. Har ya mutu yana rantsuwa bai buɗe baki ba.

"Na ji," in ji mutumin.

Wani sanyi ya shafi idanun Tankari. Nan take hazo ya zame masa garau. Ga rijiya can, ga ayari a baya. Ga kuma waɗansu dogaye, da yawa, tsaye a tsakanin raƙuma. Duk suka juyo suna kallonsa.

Ya koma a guje. Kafin ya isa hantsi ya dubi ludayi, gari ya washe. Ya tarar da Lawali zaune bisa buzun salla, idanu a buɗe, sun yi fari fat.

"Yaya Tankari, kai ne? Yau hazon nan ya ƙi tashi."

Tankari ne ya kai ayarin rijiya, ba a rasa ko raƙumi ɗaya ba. Aka yi ta sa masa albarka. Amma duk ranar da hazo ya sauko sai ya ga dogayen nan, kowace shekara sun ƙara matsowa. A ta uku ya sayar da raƙumansa, ya ɗauko Lawali ya ajiye a gidansa. Shi ke jan sandarsa zuwa masallaci, sau biyar a yini. Lawali ya riƙa gaya wa mutane ba a taɓa yin ɗan'uwa irin nasa ba. Duk cikin abin da ya sami Tankari, wannan maganar ce ta fi cin ransa. Kakarmu, wadda ta yi jinyarsa, ita kaɗai ya gaya wa gaskiya, yana kwance ciwon ajali.

To, kun ji. In hazo ya sauko, ku zauna cikin mutane. Kada wanda ya bi hanyar nan shi kaɗai, balle yana riƙe da wani a zuciya. Su ba sai ka yi magana suke ji ba.