Kwana Uku a Sama

"Ka saya wa Umma tikiti? Ko shawara babu?!"

Auta ta dire cokalin da ke hannunta. Mijinta na tsaye bakin ƙofa cikin kayan gadi, murmushin da ya shigo da shi ya gushe.

"Haba rabin raina... haihuwa yau ko gobe fa. Wa zai zauna da ke in ba mahaifiyarki ba? Jibi za ta sauka."

"Ta kwana ina? Nan?" Ta nuna katifa da risho da labulen da ya ɓoye bokitin wanka.

Tun da kamfanin da ya kawo su wannan ƙasar wajen ya rufe, Auta ke ɗaukar hoto a ƙofar manyan gidajen mutane tana turawa gida kamar nasu ne. Duk sanda Umma ta yi zancen zuwa sai ta ce, "Umma, kwana uku ake yi a sama! Tsofaffi da yawa ba sa sauka da rai." Alhali tafiyar yini guda ce, har da canjin jirgi.

Da ta faɗa wa mijinta ƙaryar da take yi, ya dube ta.

"Ɗakin kike jin kunya, ko ni?"

Wayyo! Ta kau da kai, ta ɗauki cokalinta.

A filin jirgi Umma ta fito tana jan 'yar jaka, ta rame, amma sai fara'a take.

"Ikon Allah! Na ɗan gyangyaɗa, na farka, wai mun iso. Ɗana, ina kwana ukun?"

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Mai sauri na samar miki, Umma," in ji shi, bai ko dubi matarsa ba. Wannan rufin asirin ya fi mari zafi.

A ɗaki Auta ta buɗe jakar don ta jera kaya. Zane biyu, maganin hawan jini, 'yan rigunan jariri. A can ƙasa, farin yadi a ninke.

"Umma... wannan fa?"

"Likkafanina ne. Ai kin ce ba a cika sauka da rai ba. Na bi maƙwabta na nemi gafara, na ce in mutuwa ta same ni a hanya kada in ɗora wa mijinki nauyi."

"Kuma kika taho?"

"Autata za ta haihu, in zauna?"

Auta ta zube a gabanta, kuka ya ƙwace mata.

"Ƙarya na yi miki, Umma! Don kada ki ga inda muke..." Ta juya ga mijinta da ke bakin ƙofa. "Ka yafe mini, masoyina, wallahi ba kai nake jin kunya ba!"

Ya durƙusa ya riƙe hannunta. Umma ta bi ɗakin da kallo, ta kwance mayafinta ta rataye a ƙusa.

"Shekara biyu kika hana ni ganinki saboda wannan? Tashi, ja'ira. Matsa mini in miƙe ƙafa."