Gidan Gilashin Maharazu

Duk wanda ya san Madabo ya san kangon nan mai bangon gilashi da aka lulluɓe da buhuna. Na Maharazu ne, kuma daga waya masifarsa ta fara.

Tela ne. Ɗinkin mutane na jiransa, shi kuwa yana kan bidiyon mawaƙan Amurka suna zagayawa da masu kallo cikin gidajensu: ɗakin takalma daban, wurin ninƙaya daban, bango duk gilashi. Gidan ubansa ya koma masa kamar akurki. Har zauren ƙasar da kakansa ya gina ya fara ba shi kunya.

Da rana tsaka ya je wa boka Ɗantani a bakin wani tsohon kududdufi bayan ganuwa. Ɗakin ba taga. Jini ya daskare a ƙwarya, ƙahoni a jere, ga fasasshen madubi ɗaure da jan ƙyalle.

Maharazu ya miƙa wayar. "Irin wannan gidan nake so. Wanda duniya za ta kalla."

Ɗantani ya dangwali jinin ya shafa a fuskar wayar. "Mutanen ɓoye za su ba ka. Amma duk mai numfashin da aka haska a cikinsa, nasu ne."

"Har ni?"

"Kai za su bari. Suna son ɗan kallo."

"Kujeru da motoci zan nuna, ba mutane ba."

Boka ya yi murmushi. "To, tashi."

Kuɗi suka zo kamar ambaliya. Maharazu ya fara da rushe zauren, ya tayar da gidan gilashi. Mahaifiyarsa Gwaggo ta ce, "Maharazu, gida ba zaure, ina baƙo zai tsaya ya yi sallama?"

"Gwaggo, a ƙasashen waje an daina wannan."

Ranar da Mikail, mai shirin zagaya gidajen manya, ya zo da kyamara, Maharazu ya tura iyalinsa ɗakin baya ya rufe. Aka haska falo, aka haska takalma, aka haska motoci. Sai Gwaggo ta yi tari.

Mikail ya ce, "Haba Alhaji! Ashe tsohuwa na ciki? Mu ba 'yan tasha ba ne, sai mun gaishe ta."

Kai tsaye jama'a ke kallon shirin. Gumi ya karyo wa Maharazu. Ya hana, gari ya ce kunyar uwarsa yake ji? Ya buɗe ƙofar.

Gwaggo na kan darduma, 'yarsa Ikram a cinyarta. Matarsa 'Yardada ta ruga bayan labule, hannunta kaɗai ya fito a kyamara.

Gwaggo ba ta ga Juma'a ba. Ikram ta bi ta tun ba a tashi daga zaman makoki ba. Hannun 'Yardada ya shanye, hankali ya biyo baya. Tana tsayawa jikin gilashi tana gaida mutanen da ba wanda ke gani.

Maharazu ya durƙusa wa Mikail yana kuka. "Don girman Allah ka goge!"

"Alhaji, na goge nawa. Na wayoyin jama'a fa?"

Maharazu ya ruga kududdufi, ya tarar ba ɗaki, ba boka.

Yau yana ƙofar kangon cikin tsumma, yana kwaɓa ƙasa wai zai mayar da zaure. Duk damina ruwa ya wanke.

Kai mai leƙen gidan wasu a waya kana raina naka, ka ji tsoron Allah. Je ka Madabo ka ga wanda ya samu abin da kake nema.